Ranar da Layin 'Yan Albasa Ya Sha Ruwa da Rana

Juma'a, 29 ga Sha'aban, ƙarfe 4:40 na yamma

An rataye agogona a masallacin layinmu. A nan kawai zan ce agogona, tunda littafina ne. A waje sunansa agogon Alhaji Falalu, don Baba ya bi kasuwar Ose Okwodu rumfa-rumfa yana sanar da 'yan albasa da 'yan tattasai cewa 'yarsa Rahinatu injiniya ce ta ƙera shi da hannunta. Har Madam Uju mai kayan miya sai da ya tsayar ya ba ta labari, ita da ba ruwanta da la'asar. Ban ga laifinsa ba. Shekara biyu ke nan da na gama bautar ƙasa ina zaune a gida, 'yan kasuwa na tambayarsa me karatun nawa ya tsinana.

Aikin agogon ba shi da yawa. Yana nuna lokaci da jajayen lambobi, yana lissafa mintocin da suka rage kafin kowace salla, in lokaci ya yi sai ya yi ƙara sau uku, Malam Jumare ladan ya ji ya tashi ya kira. Shekara talatin da huɗu Malam yana kiran salla a layin nan da duban rana da inuwa. To bara aka gina bene hawa huɗu ta yamma da mu ya tare ranar, ga yanar ido ta fara rufe masa gani. Shi ne kwamitin masallaci ya yanke cewa daga yau agogo zai bi. Shugaban kwamiti, Alhaji Zailani, ya ce na'ura ba ta tsufa kuma ba ta mantuwa.

Malam ya shafa akwatin ya ce, "'Yar Falalu, Allah ya yi albarka." Amma kafin ya iso nan sai da ya tambaye ni kwana, da gida, da gajiya, da Inna, da zafi, da mutanen Fatakwal, ni da ba ni da kowa a can sai ƙawata Munira. Minti huɗu cur, na duba. Ni a Anacha aka haife ni, a wurinmu in an ce ya kake an ce lafiya, an gama.

Abin da ya fi faranta min rai a aikin nan ba wanda zai gane, don haka bari in gaya wa takarda. Duk sanda aka ɗauke wuta ko aka kawo, ƙwaƙwalwar agogon takan katse abin da take yi, ta je ta juya tsakanin wuta da batir, ta dawo ta ci gaba. Aikin layi biyu ne. Amma da na leƙa abin da kwamfaila ta fitar, wato manhajar da ke juya rubutuna zuwa yaren na'ura, sai na tarar ita ma irin su Malam ce. Ƙwaƙwalwar tana da ƙananan aljihuna talatin da biyu da ake kira rajista, a ciki take riƙe lambobin da take aiki da su. Kafin kwamfaila ta bari a yi aikin layi biyun nan, sai ta kwashe abin da ke cikin rajista goma sha biyar ta jera a gefe, bayan an gama ta mayar da kowanne inda ta ɗauko shi. Doguwar gaisuwa kafin magana, doguwar sallama bayanta. Na sa mata kalma ɗaya da ke nufin ki cire hannunki, ni zan ajiye da kaina. Rajista uku aikin yake taɓawa, uku na ajiye.

Yau da safe Baba ya ce ya kamata lambobin su rage haske in an koma batir. Layi ɗaya na ƙara. Ko shayina bai huce ba na gama.

Lahadi, 2 ga Ramadan, ƙarfe 7:20 na yamma

Agogo ya yi ƙara, Malam ya kira, mun sha ruwa. Baba ya ce ko a Makka iyakarta ke nan.

Alhamis, 6 ga Ramadan, ƙarfe 9:05 na safe

Jiya ban iya rubutu ba.

An kira magariba, muka yi bisimilla. Na ci dabino uku, Inna ta kai kofin kunun gyaɗa rabi. Sai muka ji Madam Uju daga tsallaken layi: "Hajiya! Una don change time? Sun still dey for river o!" Na haura sama da gudu. Ga rana can jajir a kan garin Asaba, tsallaken kogi, ko niyyar faɗuwa ba ta yi ba.

Baba ya ba mu labarin ƙofar masallaci. Ana cikin shimfiɗa tabarmi, Alhaji Zailani ya tayar da janareta ya ja makunnin canjin wuta yadda ya saba, sama, ƙasa, sama, don bai yarda ja ɗaya yana kamawa ba, kuma ba ya bari kowa ya taɓa masa. Can sai ga kiran salla. Sagiru mai lodi ya shanye ledar ruwa biyu a tsaye. Shi Baba labarin ya same shi da dabino a baki, ya ce ya rasa haɗiyewa zai yi ko tofarwa, sai ya tsaya da kumatu a kumbure har aka gama gardama.

Aka ruga ciki aka duba agogo. Ƙarfe shida da minti talatin da ɗaya, saura minti goma sha ɗaya, daidai da wayar kowa. Malam ya ce shi dai ya ji ƙara sau uku. Ba wanda ya ji, kowa na waje, ga kukan janareta. Liman ya ce duk wanda ya ci ko ya sha sai ya rama.

Alhaji Zailani ya ce, "Ga agogo nan yana faɗin gaskiyarsa."

Agogon lafiyarsa ƙalau.

Asabar, 8 ga Ramadan, ƙarfe 2:00 na rana

Ina da na biyunsa a ɗaki, wanda na fara gwaji da shi, komai nasu ɗaya. Na jona shi tun shekaranjiya na zuba masa ido. Ko kuskuren daƙiƙa bai yi ba. Inna ta leƙo ta ce ko talabijin ba a yi masa irin wannan kallo.

Lahadi, 9 ga Ramadan, ƙarfe 11:30 na safe

Na kira Munira. Tare muka yi karatu, yanzu tana Trans-Amadi a Fatakwal tana rubuta wa injinan wata masana'anta umarni, kuma tun a makaranta ba ta iya jin labari ta yi dariya ta bar shi a nan ba. Ta yi dariyar dai, har da shaƙewa. Sannan ta ce, "Turo min kod ɗin da kika rubuta wa agogon in gani."

Na ce ai ba agogon ba ne, tsufa ne.

Ta ce, "Eh, turo dai."

Fayil bakwai ne. Na tura shida. Ɗayan ya ƙi tafiya, sabis ɗin Anacha sai a hankali.

Alhamis, 13 ga Ramadan, ƙarfe 8:50 na safe

An kuma. Jiya, saura minti tara.

Wannan karon layin ya rabu biyu. Masu waya a hannu suka tsaya, masu kofi a hannu suka sha. Gidanmu na masu kofi ne. Sagiru ya rantse shi daga yau sai ya ga tauraro zai kai ruwa baki. Madam Uju ta ce ita da kiran sallar take rufe shago, yanzu an sa ta kori mai sayen manja, wa zai rama mata nata?

Baba ya dawo ya zauna bai cire hula ba. Ya ce kwamiti zai zauna Juma'a ta sama, ashirin da ɗaya ga wata, bayan la'asar. Alhaji Zailani yana da suruki, Hashim, mai zaƙin murya da lafiyar ido. Ɗakin ladan kuma na wanda ke kiran salla ne, haka aka saba tun gina masallacin.

Inna ta ce, "To Malam ina zai je? Wa ya rage masa a arewa?"

Baba ya ce ba kowa.

Na tambaya me Malam ya ce wannan karon. Baba ya ce cewa ya yi ƙila kunnensa ne. Na kasa ƙarasa abincina, na ɗora laifin a kan yajin ƙosai.

Juma'a, 14 ga Ramadan, ƙarfe 10:00 na safe

Agogon lafiyarsa ƙalau.

Juma'a, ƙarfe 3:15 na yamma

Na wanke labulen falo, na goge firji ciki da baya, na tsince wa Inna wake kwano huɗu, na jera takalman gidan nan daga babba zuwa ƙarami. Inna ta taɓa goshina ta ce ko zazzaɓi ne. Kwamfutata na kan gado, na rufe ta da sallaya don ƙura.

Asabar, 15 ga Ramadan, ƙarfe 12:40 na rana

Munira ta kira. Ko sallama babu.

"Rahina, na karanta shidan nan, ban ga komai ba. Ina wanda ke amsa ɗaukewar wuta? Ko agogon naki ba ya sanin an ɗauke?"

Na ce yana sani.

Ta ce, "To shi nake so. Kin manta abin da aka koya mana? Aikin da aka kira da shiri, akwai yarjejeniya, mai kira ya ajiye wasu rajista, wanda aka kira ya ajiye sauran. Amma katsewa ba wanda ya kira ta. Faɗowa take yi tsakiyar lissafi, kamar maƙwabciya ta shigo kicin kina tsaka da girki ta ari ludayi. Duk abin da ta taɓa dole ta mayar yadda ta same shi, don mai girkin ba ta ma san an shigo ba. Amma in kin bar kwamfaila ta yi aikinta ba matsala, ita tana ganin duk abin da aka taɓa ta ajiye."

Na ce, "Uhm."

Sannan ta ce, "Rahina. Wetin you do?"

Na ce Inna na kirana. Inna tana kasuwa.

Lahadi, 16 ga Ramadan, ƙarfe 5:30 na yamma

Inna ta aike ni da kwanon buɗa-baki wurin Malam. Na ce a ba wani, ta ce ƙafata ce ta fi kusa.

Na same shi a ƙofar ɗakinsa yana karatu. Da na yi sallama sai ya ɗora yatsa a kan ayar da yake, ya ɗago. Kwana, gida, gajiya, azumi, Inna, Baba, mutanen Fatakwal. Ana cikin haka wani ya zo karɓar makullin banɗaki, ya lalubo masa da hannun hagu. Wani ya zo neman buta. Duk wannan hidima yatsan nan bai gusa ba. Da suka tafi ya sunkuya ya ɗauka daga kalmar da ya tsaya, ya kai ƙarshen ayar, sannan ya rufe ya karɓi kwanon.

A bayan ƙofa na hango jakar buhu, an cika ta an ɗaure da igiya. Ya ga na gani. Ya ce Sagiru ya yi alkawarin kai masa ita tashar motar Upper Iweka in ta kama, ya san direban da ba ya gudu.

Na ce, "Baba Malam, ranar Laraba ka ji ƙarar ko ba ka ji ba?"

Ya ce, "Kunnen tsoho yana jin abubuwa iri-iri."

"Amma ranar farko ka ce ka ji."

"Ranar farko a firgice nake, ban tuna agogon waye ba." Ya buɗe kwanon ya sansana. "Babanki ya daɗe bai taka cikin kasuwa da ƙafar da yake takawa yanzu ba. Ki ce wa Hajiya Allah ya saka, alalar ta yi."

Ban san yadda na iso gida ba. Kunya nake ji, irin wadda ban taɓa ji ba, kuma ba yajin ƙosai ba ne.

Litinin, 17 ga Ramadan, ƙarfe 9:10 na safe

Na buɗe fayil ɗin.

Litinin, ƙarfe 9:25 na safe

Minti goma sha biyar. Kwana goma sha biyu ina zagaye abin da bai wuce minti goma sha biyar ba.

Layin rage hasken nan da na ƙara ranar ratayewa, wata rajista ta huɗu yake amfani da ita, wato ta goma sha takwas a jerinsu. Ni uku nake ajiyewa. Ita ta goma sha takwas ɗin kuwa, a cikinta agogon yake riƙe mintocin da suka rage kafin salla. In katsewar ta faɗo daidai lokacin da lambar ke ciki, sai ta zubar da ita ta bar sifili ta fita abinta. Agogo ya duba ya ga saura minti sifili, ya yi ƙara. Kafin ƙiftawar ido ya sake lissafi, lamba ta dawo daidai, ya tsaya a bango kamar ba shi ba. Sai an dace sosai abin ke faruwa, shi ya sa ba kullum ba. A ɗakina ba wanda ke wasa da wuta. A masallaci akwai Alhaji Zailani da sama, ƙasa, sama.

Da na bar kwamfaila, da ta ga layin ta ƙara ajiye wannan ma ba tare da ta tambaye ni ba. Ni na ce ta cire hannunta.

Litinin, ƙarfe 3:00 na yamma

Sai na gani da idona. Na kawo na ɗakina falo, na jona a soket, na hau kunnawa da kashewa ina ƙirgawa. Baba na kwance a kan darduma, barcin bayan azahar ya ɗauke shi. A na sittin da uku agogo ya yi ƙara sau uku, ƙarfe biyu da kwata na rana.

Baba ya miƙe zaune ido a rufe, ya fara addu'ar buɗa-baki, hannunsa na laluben farantin dabino. Inna ta fito daga kicin da muciya ta ce, "Alhaji! Rana tsaka!"

Na gaya musu komai. Baba ya sa na sake faɗa a hankali, na sake. Sannan ya ce, "Wa ya sani?"

Na ce mu uku, sai Malam.

Ya ce in gyara na masallacin shiru, ranar da ba kowa. Shi zai je ya roƙi Zailani a bar Malam ya ƙarasa kwanansa a ɗakinsa. Na ce to. Wallahi har daɗi na ji, bari in rubuta gaskiya tunda na fara.

Laraba, 19 ga Ramadan, ƙarfe 1:10 na rana

Baba ya je roƙon. Alhaji Zailani ya ce shi ma yana tausayin Malam, amma azumin mutum ɗari biyu ba abin wasa ba ne, sau biyu kuma ba tsautsayi ba ne. Ya ce da agogon ne ya yi kuskure da sai a ce na'ura ce, to ga agogo daram.

Ban taɓa na masallacin ba tukuna. In na gyara shi, shaidar Malam na goge.

Alhamis, 20 ga Ramadan, ƙarfe 4:50 na yamma

Na samu Baba a rumfa yana ware ruɓaɓɓiyar albasa daga mai kyau. Na ce, "Baba, gobe ina so in yi magana a zaman."

Bai ɗago ba. Ya jefa albasa uku a kwando. Ya ce, "Kin san kasuwar nan. Har jikokinki sai an ba su labari."

Na ce na sani.

Ya ce, "To ki sa babban hijabinki, kada ki yi musu Turanci."

Asabar, 22 ga Ramadan, ƙarfe 10:30 na safe

Jiya bayan la'asar aka zauna. Maza tara a gaba, ni a bayan labulen sashen mata, da Inna a gefena wai ta zo tsince tabarma. Malam na zaune a lungu. Hashim ma ya zo, ya sha sabuwar shadda, yana ta gyaran murya.

Baba ya ce 'yarsa na da magana. Na fara da rajista da katsewa, na ji wani ya yi hamma. Sai na ce, "Kun ga yadda Baba Malam yake ɗora yatsa a kan aya in an yi masa sallama? Agogon nan ma ana yi masa sallama, duk sanda aka canja wuta. Ya kamata ya ɗora yatsa a inda yake kafin ya amsa. Ni na hana shi, don ina ganin ɓata lokaci ne. Shi ya sa yake dawowa ya ɗauka daga inda ba nan ya tsaya ba. Ƙarar da Malam ya ji gaskiya ce."

Alhaji Zailani ya ce magana ta yi daɗi, amma shi ɗan kasuwa ne, sai ya gani.

Na ce, "Alhaji, a taimaka a ja makunnin nan yadda aka saba."

Aka tayar da janareta. Ya ja, sama, ƙasa, sama. Shiru. Ya juyo ya buɗe hannuwa. Na ce a ƙara. Ya ƙara. Fankoki na tashi suna mutuwa, lasifika na tari. A na ashirin ya cire babbar riga. A na talatin gumi ya jiƙe masa 'yar ciki, ya ce shi fa azumi yake. Sagiru ya ce a ba shi ya taya, Alhaji ya ce ba mai taɓa masa makunni. Ni kuwa a bayan labule duk addu'ar da na iya na karanta, ina roƙon Allah ya sa abin da na ƙera ya tona min asiri. Inna ta damƙe min hannu har yanzu da shatin farcenta.

A na arba'in da bakwai ya yi ƙara. Sau uku, ƙarfe biyar saura minti takwas, rana na dukan rufin kwano.

Sai Malam Jumare ya dafa bango ya miƙe ya nufi lasifika, don jikinsa ya riga ya saba. Liman ya yi wuf ya kama masa gefen riga. A nan masallaci ya fashe da dariya, har Hashim.

Alhaji Zailani ya zauna yana haki. Ya ce, "Wato ni ne na sa mutane shan ruwa da rana?"

Na ce, "A'a, Alhaji. Ni ce. Kai wuta kawai ka canja."

Wani daga baya ya ce dama karatun mata ai sai a hankali. Baba ya juya ya neme shi da ido. Ya ce, "'Yata ce ta ƙera, 'yata ce ta ɓata, 'yata ce ta zo ta faɗa da bakinta. Wanda ya taɓa yin ukun nan a cikinku ya ɗaga hannu." Na yi kuka a bayan labule, Inna ta ce in yi a hankali kada hawaye ya shiga baki.

An bar Malam a ɗakinsa. Alhaji Zailani ya je har inda yake ya durƙusa ya nemi gafara, wannan ban zata ba. Ya so a sauke agogon gaba ɗaya, Malam ya ce a bar shi, shi har yanzu ba ya ganin rana.

Lahadi, 23 ga Ramadan, ƙarfe 11:00 na safe

Kalma ɗaya na goge. Kwamfaila ta dawo da gaisuwarta, layi goma sha shida yanzu, ta goma sha takwas na ciki. Na karanta su ɗaya bayan ɗaya, da na shiga da na fita. Duka-duka ba su kai ƙiftawar ido ba.

Na kunna na kashe sau dubu, bai yi ƙara ba. Soket ɗin falo ne ya mutu. Na tura wa Munira fayil na bakwai, ta amsa da kalma ɗaya wadda ba zan rubuta cikin azumi ba.

Talata, 25 ga Ramadan, ƙarfe 2:30 na rana

A kasuwa sunana ya koma Saura Minti Goma Sha Ɗaya. Madam Uju ta ƙara min tattasai biyu ta ce, "Engineer, no mind dem."

Laraba, 4 ga Shawwal, ƙarfe 9:40 na safe

Liman ya ce a haɗu a rama kwana biyun tare, jiya da yau. Ko'ina a Anacha ana cin abincin salla, layin 'yan albasa kaɗai ke azumi, kuma kowa ya san dalili.

Jiya da yamma na tsaya a tagar sama da kofi a hannu da waya a ɗaya hannun. Ƙarfe shida da arba'in da ɗaya na jiyo ƙarar daga masallaci, daidai da daƙiƙa. Na kai kofi baki. Ba a kira ba. Minti ɗaya. Ƙasa an fara guna-guni, Sagiru na cewa da wuri ba daɗi, da latti ma ba daɗi. Sai da aka cika minti biyu muryar Malam ta fito.

Yau da safe na je. Na durƙusa na gaishe shi, kwana, gajiya, salla, ƙafarsa, idonsa, har mutanen arewa da ba shi da su. Ya amsa duka da yatsansa a kan aya. Jakar buhun tana nan bayan ƙofa, an kwance igiyar amma ba a fitar da kayan ba.

Na ce, "Baba Malam, agogon ya gyaru. Sau dubu na gwada."

Ya ce, "Na sani, 'yar Falalu. Ni ne ban gyaru ba tukuna. In ya yi ƙara sai in ji gabana ya faɗi, sai na tsaya ya daina."

Na ce ya yafe min. Ya ce ya yafe tun ranar alala, ya sunkuya ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Yau ma akwai ramuwa. In agogo ya yi ƙara zan riƙe kofina in jira shi.